Injin da Ya Tuɓe Ni Gaban Surukai

Na roƙi Allah ya mantar da ni har na gaji na haƙura. Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo sa ranar auren 'yata Nafisa ba. Mutumin da ya kai shekaruna, ya yi ritaya da mutuncinsa bayan ya ƙarar da ƙuruciya yana koyar da 'ya'yan mutane labarin ƙasa, kamata ya yi a ce abin kunyar da ya rage masa bai wuce gyangyaɗi a wurin taro ba. Ni nawa abin kunyar sai da na tafi har Sabon Gari na sayo shi, na nemi 'yan dako suka kawo mini shi gida.

Tun ina yaro nake da son ƙarfe. In na ga abu mai ƙusa da noti hannuna ƙaiƙayi yake yi sai na kwance shi (mayarwa kuma wani zance ne daban, rediyon mahaifinmu shaida ce). Da na ajiye aiki, abokaina wasu suka koma gona, wasu suka koma bencin ƙofar gida suna gyara ƙasa da baki. Ni sai na share garejin gidanmu a Fagge, wanda tun da muka sayar da mota babu mai kwana cikinsa sai ɓeraye, na ce nan ne wurin aikina. Na fara da ƙananan abubuwa, tsohon injin huda ƙarfe da dutsen wasa wuƙa mai juyawa. In tsinto su sun ci tsatsa, in wanke, in shafa mai, in zauna ina kallonsu. Ba don sayarwa ba, ba don wani ya kawo aiki ba. Da na tsaya a nan da na zauna lafiya.

Wata rana ina neman bel ɗin inji a Sabon Gari, mai shagon ya ce mini akwai wata tsohuwa, Mama Chinedu, da mijinta ya rasu ya bar mata injin sassaƙa ƙarfe, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sai zarya suke yi a ƙofarta. Ga wanda bai san injin ba, shi ne wanda ake damƙa masa guntun ƙarfe ya riƙa juya shi, kai kuma kana kanga masa wuƙa kana fere shi kamar rake, har ya fito da siffar da kake so. Na ce bari in leƙa kawai. Na tarar da shi a wani shago mai duhu, tsawonsa ya kai gadon kwana, ya yi jawur da tsatsa, kaji sun mai da shi wurin kwana. Kallo ɗaya na yi masa zuciyata ta tafi.

Mama Chinedu ta daɗe a Kano, Hausarta ba ta da laifi. Ta dafa injin ta ce, "Malam, wannan shi ya yi makarantar yarana duka. Ba na so a fasa shi da guduma." Na yi mata alkawarin sai ya sake juyawa. A bangon shagon akwai hoton mijinta tsaye kusa da injin, daga shi sai singileti. Na tsokane ta, na ce maigida bai sami riga ba ne ranar hoto? Ta ce duk zamansu bai taɓa zuwa kusa da injin nan da riga ba. Na yi dariya, na ɗauka zafin Kano ne ya dame shi.

Ranar da 'yan dako suka shigo da shi gareji suna nishi suna zagina a ransu, matata Hajiya Uwani ta fito ta tsaya ta ƙare masa kallo. Ta tambaye ni ko sauran jirgin ƙasan yana hanya. Na ce ta ba ni wata biyu za ta sha mamaki.

Mamakin kam ta sha, don wata biyun nan sai da ya kai mu shekara ta uku. Ba zan gajiyar da ku da duk wahalar ba, ni ma tuna ta gajiyar da ni take yi. Na jiƙa notuna a kalanzir suka ƙi kwantuwa. Na goge tsatsa da samfefa har yatsuna suka daina gane zafin shayi. Wani faifai mai haƙora da ke juya cikin injin ya zubar da haƙori biyu, na zaga Sabon Gari lungu-lungu a adaidaita sahu ina nuna shi kamar mai cigiyar ɗan da ya ɓata. Moton da ke ba shi ƙarfi aka sake masa waya ya ƙone, aka sake ya kuma ƙonewa. In na sami abin da nake nema babu wuta, in aka kawo wuta sai in ga akwai abin da ban samu ba. A masallaci na lura wanda ya tsaya kusa da ni a sahu yakan ɗan juyar da hanci, saboda warin baƙin mai ya zama turarena. Makunnin injin kuma, da yake wayar da nake da ita ba ta isa ba, sai na kafa shi can jikin bango kusa da ƙofa, na ce gobe zan matso da shi. Goben nan ba ta zo ba.

Akwai kuma maganar zane, dole in faɗe ta tun yanzu. A cikin tsummokaran da Hajiya ta zubar na tsinci wani tsohon zanen atamfa, kore mai manyan furanni rawaya, ankon wani biki ne da rabin matan unguwarmu suka yi. Na ɗauko shi don goge hannu, sai na ga ya fi amfani in na ninka shi na ɗaura a ƙugu bisa gajeren wando, yana tare mini mai da garin ƙarfe. Haka nake aiki kullum, ƙofa a rufe, daga ni sai singileti mai huji da zanen Hajiya. Wa zai gan ni?

Ana nan maganar auren Nafisa ta taso. Hajiya ta same ni a gareji, ba ta ko ɗaga murya ba, wanda shi ya fi ba ni tsoro. Ta ce kayan ɗakin yarinya za su fara shigowa, gado da kujeru da sauransu, kuma babu inda za a ajiye su sai nan. Ta ce ta yi haƙuri iya haƙuri. In har aka sa rana injin nan bai juya ba a gaban idon wani mai hankali (ta nanata mai hankali, wato ban da ni), to ita da kanta za ta kira 'yan gwangwan. In ya juya, ya zauna, ta san yadda za ta yi da kayan. Na amince, don ba ni da bakin musu. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ba ƙarfen ne kawai ba. In aka ɗora injin nan a sikeli, shekaruna uku aka auna, da alkawarin da na yi wa tsohuwar mutane.

Ita kuma Nafisa tata hanyar daban ce. Ma'aikaciyar jinya ce, ta iya lallaɓa mai taurin kai. Ana saura kwanaki kaɗan a zo sa rana ta kawo mini babbar riga sabuwa dal, farar shadda da aiki ruwan toka, da 'yar ciki da wando da hula. Da guminta ta yi mini. Ta ajiye a gabana ta ce, "Abba, abu ɗaya nake roƙo. In sun zo, ka gaisa da su kawai. Don Allah kada ka nuna musu injin." Na ce haba, kamar wani yaro? Na ce ta kwantar da hankalinta.

Kun san al'ada, uban yarinya ba ya zama a wurin sa rana. Kunya ce. Magabatan yaro su zo da goro da alawa, baffan yarinya ya karɓe su, su yanke magana. Nawa yayan, Yaya Sani, ɗan kasuwa ne a kasuwar Singa, shi ne mai karɓar baƙi, kuma a falon gidana aka shirya yi don nasa gidan ana gyara. Aka ce ni in ɓace, in an gama a kira ni mu yi musabiha a ƙofar gida, shi ke nan. To ina zan ɓace in ba gareji ba? Na ɗauki babbar rigar da hula na rataye a ƙusa don in shirya a can, tunda tsakar gida cike take da mata. 'Yar ciki da wando kuwa na baro su a kan gado, ban ankara ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a safiyar ranar bel ɗin da na daɗe ina jira ya samu. Ga wuta an kawo, abin da ba a saba ba. Baƙi na falo ana addu'o'i, ni ina gareji na ɗaura zanena ina ɗaure noti na ƙarshe. Na damƙa masa wani guntun tagulla, na taka zuwa bango na danna makunni. Ya yi tari, ya yi gurnani, sai ya kama juyawa sumul, da wani sauti mai daɗi kamar keken ɗinki. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Na kashe, na kunna, ya sake juyawa. Na tsaya ni kaɗai ina murmushi, ga nasara a hannu, babu shaida.

Ina cikin haka Yaya Sani ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce an gama, baƙi sun fito, in zo mu gaisa. Na waiga neman wando, babu. Na nemi 'yar ciki, babu. Shiga gida kuma sai na ratsa ta gaban baƙin. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da kan zo wa mutum in Allah ya tashi kama shi. Na zura babbar rigar a kan singileti da zane, na kafa hula. Maimakon in naɗe hannuwan rigar in saɓa a kafaɗa yadda kowa ke yi, sai na sake su suka zubo har ƙasa, na matse hammata don kada a ga abin da ke ciki. Na buɗe ƙofa na fito ina tafiya a hankali kamar mai ciwon baya.

Su huɗu ne, dattawa. Babbansu Alhaji Tukur, baffan yaron, dillalin yadi ne, mutum mai natsuwa da farin gemu. Muka gaisa, aka yi fatan alheri, Allah ya sa a yi da mu. Da a nan na juya na koma, da yanzu ba ni da labarin ba ku. To na bar ƙofar gareji a buɗe. Alhaji Tukur ya ɗan leƙa ta bayan kafaɗata ya ce, "Malam, wannan kuma mene ne?"

Shekara uku babu wanda ya yi mini wannan tambayar. A gida in na fara zancen injin, kowa sai ya tuna ya bar wani abu a kan wuta. Yau ga dattijo mai hankali, irin wanda Hajiya ta ce, da bakinsa ya tambaya. Na tuna roƙon Nafisa, ba zan ce ban tuna ba. Amma sai na ce a raina ai ba ni na nuna ba, shi ya gani. Yaya Sani ya yi gyaran murya, ya ce baƙi na sauri. Na ce minti ɗaya.

Na shigar da su gareji, manyan mutane da manyan riguna, suna ɗage ƙafa suna kauce wa baƙin mai. Na ba su tarihin injin tun daga Sabon Gari. Na yi musu bayanin faifan da ya zubar da haƙori. Tsohon malami in ya sami aji ba ya ganin agogo, kuma ba ya ganin fuskar ɗalibai. Sannan na danna makunni na dawo gaban injin, na kanga wuƙa, tagulla ta fara zubo da siraran zare masu ƙyalli. Wani cikinsu ya ce ma sha Allah. Kaina ya ƙara girma.

A gaban injin, daidai cinyar mutum, akwai wata doguwar sanda mai zare irin na ƙusa, tana juyawa a hankali, ita ke jan wuƙar. Ban ko tuna da ita ba. Na ji an ɗan ja rigata ta gefe. Na ɗauka Yaya Sani ne yake mini alamar in yi shiru, na ce a raina yau kam sai dai ka yi haƙuri, na ci gaba da bayani. Aka sake ja, da ƙarfi. Na waiga don in harare shi, sai na hango shi can bakin ƙofa, hannuwansa biyu a baya.

Na duba ƙasa. Hannun rigar da na saki ya naɗe a jikin sandar, tana cinye shi a hankali, ba gaggawa, kamar akuya ta sami takarda. Na ja, ta ja. Ta fi ni ƙarfi. Kafaɗata ta karkace, na rusuna, na ƙara rusunawa, har gwiwata ta taɓa ƙasa. Alhaji Tukur, bawan Allah, ya ɗauka girmamawa ce, ya ce haba Malam, ai an zama ɗaya, in tashi. Na buɗe baki in ce a kashe, abin da ya fito kawai shi ne "bango, bango". Yaya Sani ya juya yana lalube a bango, ya danna na farko, ƙwan lantarki ya mutu. Ya danna na biyu, fanka ta tashi.

Wuyan rigar ya fara shaƙe ni, fuskata tana matsowa kusa da ƙarfe mai juyawa. A nan tsoro na gaske ya kama ni, kunya ta koma gefe. Na sunkuyar da kai, na ɗaga hannu, na sulale ta cikin wuyan rigar na faɗa baya da zama. Hula ta yi nata wuri. Injin ya haɗiye sauran shaddar yana nishi, ana jin aikin wuyan yana ɓarkewa, sannan Yaya Sani ya dace da makunnin. Ya kuma mayar da ƙwan lantarki, wanda da ya bar shi a kashe da ya yi mini gata.

Na miƙe tsaye. Singileti mai huji a daidai cibiya, baƙi ƙirin da mai. Zane kore mai furanni rawaya ɗaure a ƙugu. Ƙwauri biyu a waje. A gabana magabatan mijin 'yata su huɗu, kowa ya sami abin kallo a rufin gareji. Fankar da Yaya ya kunna tana ta kaɗa mini zane. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ni da kaina na sa aka yi wa garejin daɓen siminti mai kauri saboda nauyin injin.

Alhaji Tukur ne ya fara magana. Ya tambaya ko na ji ciwo, na ce a'a. Ya yi hamdala. Sai ya matsa ya kama bakin rigar da ke lilo a jikin sandar, ya murza da yatsa biyu, sana'a ta motsa. Ya ce, "Shadda ce mai kyau. Da ƙarama ce da tuni ta yage ta sake ka." Ya cire rawanin da ke kafaɗarsa ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba. Wannan kirkin nasa ya fi dariya ciwo.

Hayaniyar ta fito da mata. Ta ƙofar gareji na hango Hajiya, da ƙannenta, da maƙwabta waɗanda da yawansu suna da irin zanen nan a ƙasan akwati. Wata ta ce, ba da ƙarfi ba amma na ji, "Ai ankon bikin Ladidi ne." A bayansu duka na ga Nafisa. Ba ta kalle ni ba, rigar take kallo. Ta juya ta koma ciki.

Auren dai ba a fasa ba, kada hankalinku ya tashi. Mutanen kirki ne. Da yamma bayan kowa ya watse Hajiya ta zo ta tsaya a bakin gareji, ina zaune ina tsintar zaren shadda daga jikin sandar da tsinke. Ta ce ta ji labari ya juya, kuma a gaban masu hankali har huɗu. Ta ce ita ba ta saɓa magana, injin ya zauna. Kayan ɗakin Nafisa kuma a ɗakina za a zuba, ni in koma falo da tabarma har a kai amarya. Haka na ci nasara. Ban taɓa jin nasarar da ta gajiyar da ni irin wannan ba.

Na yi makonni ban kunna shi ba. Ko ƙofar ba na son buɗewa. Na je na gaya wa Mama Chinedu injin ya tashi, ta yi murna har da rawa, sannan ta tambaye ni me na fara yi da shi. Na ce gwaji dai. Nafisa kuwa tana gaishe ni kamar kullum, tana kawo mini abinci, ba ta tayar da zancen rigar ba, ni ma na rasa ta inda zan fara. Da ta yi fushi ta faɗi magana da na fi samun sauƙi.

Ana saura mako guda biki ta same ni a falo kan tabarmata. Ta zauna ta ce an saya mata ƙaramin turmin ƙarfe na daka yaji, amma taɓaryarsa ba ta da nauyi. Ta ce, "Tunda dai ya cinye mini riga, sai ya biya ni. Ka yi mini taɓarya, Abba. Amma ka kulle ƙofa."

Na matso da makunnin kusa da hannuna, aikin da bai ɗauke ni komai ba. Na kulle ƙofa. Na tsaya daga ni sai singileti, kamar mutumin cikin hoto. Da guntun tagullar nan na ranar na yi mata, ta fito da ɗan karkata a gindi, wadda ni kaɗai nake gani. Ita ce abu na farko da injin ya yi bayan ya tashi, in ba a lissafa tsumman shadda ba. Tana gidanta yanzu, an ce tana daka yaji da kyau. An kuma ce yaran gidan in sun gan ni tafe sukan ruga su ce ga Baba mai zane ya zo, iyayensu na tsawatar musu a hankali, da alama su ma haka suke kirana.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma na biya shi da tsada. Babbar riga da inji ba sa zama ɗaki ɗaya. Sannan in baƙo ya leƙa ya ce maka wannan kuma mene ne, gaisuwa ce kawai yake yi. Ka ce masa tsohon ƙarfe ne, Alhaji, ka ja ƙofarka, ka raka shi mota.